Baƙin Ƙyalle a Ƙarƙashin Bene: Ƙarfin Gyara Yana Wurin Kamu

A wannan mako zan ɗan jingine batun siyasa da tsadar rayuwa, in ɗauko wata magana da za a zata ta injiniyoyi ce su kaɗai, alhali kuwa ta shafi duk wanda yake kwana a ƙarƙashin dekin, da duk mai ɗa ko 'ya a ɗakin hayar ɗalibai, da duk wanda motarsa ke bi ta kan gada.

Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma a 2011, garin ya sauya kama. Ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke nan tun da can, ga kuma dubban ɗalibai da ma'aikata da suka ƙaru, kowa na neman wurin kwana. Sai ginin ɗakunan haya ya zama sana'a. Mai fili ya gina, mai gida ƙasa ya ɗora bene, mai bene kuma ya shiga tunanin ƙara wani hawan. Wani yayana yana cikin waɗanda suka zuba kuɗin sallamarsu na aiki a irin wannan gini. Bayan 'yan shekaru sai ya ga ya kamata ya fitar da shago a hawan ƙasa, ya sa aka rushe wani bango da ke tsakiya don wurin ya yi faɗi, sa'annan ya ƙara tankunan ruwa biyu a kan dekin na sama. Ba a jima ba tsaga ta bayyana a ƙarƙashin bim ɗin da ke ɗauke da ɗakuna biyu na ɗalibai.

Aka ba shi labarin wani sabon magani da ya shigo, wanda ba ya buƙatar rushe komai. Wasu samari biyu suka zo daga birni da naɗin baƙin ƙyalle da gwangwanaye biyu na gam. A yini guda suka shafa, suka manna, suka bi da fenti, suka karɓi kuɗi masu kauri suka tafi. Da na je gaishe shi bayan bazara ta wuce, sai ya ja ni shagon ya nuna mini sama. Gefen ƙyallen ya saki yana reto kamar tsohuwar fastar ɗan takara bayan zaɓe. Na hau benci na kama bakinsa na ja, ya biyo hannuna ba gardama, bayansa ɗauke da fenti da ɓawon filasta. Tsagar tana nan inda take, ta ma ƙara buɗewa.

Akwai wani dattijon magini mutumin Kurfi da ke aikin katanga a maƙwabta, ya leƙo ya ga abin da muke kallo. Ya karɓi ƙyallen ya ja shi da hannu biyu iya ƙarfinsa, ko gezau. Sai ya ce wa yayana, "Alhaji, ƙyallen nan bai da laifi. Mu ko yaɓe za mu sake wa soro, sai mun ɓamɓare tsohon mun tarar da jikin gini. Wanda ya yaɓa bisa ƙura, ƙurar ya yi wa ado." Na ce masa, "Baba, ka taɓa aiki da irinsa ne?" Ya ce yau ya fara ganinsa. Amma da na koma na bi abin da masana suka rubuta a kan wannan fasaha, sai na tarar rabin littattafansu bayanin maganar dattijon nan suke yi.

Bari mu fara da ƙyallen kansa. Injiniyoyi suna kiransa FRP a taƙaice. Zare ne siriri ƙwarai, na kabon ko na gilashi, da ake jerawa gefe da gefe a jiƙa shi da gam mai suna ifoksi, dangin Araldite ɗin da muka sani mai ruwa biyu da ake haɗawa. Idan gam ya daskare, zaren da gam sun zama abu guda. Dabarar ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Laso da magabatanmu ke shafe soraye da rijiyoyin marina da shi, haɗi ne na katsi da gashin dabba da ruwan dafara: gashi ya riƙe, dafara ta ɗaure. Bambancin yana wurin ƙarfi. Fallen kabon da kaurinsa bai wuce milimita ɗaya da ɗigo biyu ba yana jure ja ninki biyar zuwa shida na abin da rodin gini ke jurewa, nauyinsa kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar ne na nauyin ƙarfe, sa'annan ba ya tsatsa.

Kafin a kai ga zare, da faifan ƙarfe aka fara. Tun a shekarun 1960 injiniyoyi a Faransa da Afirka ta Kudu suka riƙa manna faifan ƙarfe a ƙarƙashin bim da gam. Dabarar ta yi aiki, sai dai ƙarfe na da nauyi, yana buƙatar dogarai da ma'aikata da yawa, kuma tsatsa kan shiga tsakaninsa da gam. A shekarun 1980 wani masani mai suna Urs Meier, a cibiyar gwaje-gwaje ta Empa da ke Suwizalan, ya shiga gwada kabon a madadin ƙarfe. A 1991 dama ta samu. Ma'aikata na huda gadar Ibach da ke kusa da birnin Luzan don kafa alamun hanya, sai suka yanke ɗaya daga cikin igiyoyin ƙarfen da ke ɗaure da gadar. Aka gyara ta da fallayen kabon da nauyinsu bai wuce kilo shida da 'yan kai ba, inda da ƙarfe ne sai an ɗaga kilo 175. Bayan girgizar ƙasar da ta auka wa birnin Kobe na Japan a Janairun 1995, sai naɗe ginshiƙan gadoji da gine-gine da wannan ƙyalle ya bazu. Cibiyar Kankare ta Amurka, ACI, ta fitar da kundin ƙa'idojin aikin mai lamba 440.2R a 2002, ta sabunta shi a 2008 da 2017. Saboda haka kada abin da ya faru a shagon yayana ya sa mu ce fasahar damfara ce. Ta tsaya da ƙafarta fiye da shekara talatin.

To, me ya sa ta ci amanarsa? Sai mun fahimci yadda bim ke ɗaukar kaya. Idan ka ɗora katako a kan duwatsu biyu ka taka tsakiyarsa, samansa matsewa yake yi, ƙasansa kuma miƙewa. Kankare gwani ne wurin jure matsi, amma rago ne wurin jure ja, domin abin da yake iya jurewa na ja bai fi kashi ɗaya cikin goma na abin da yake jurewa na matsi ba. Shi ya sa ake sa rodi a ƙasan bim. Ƙyallen kabon ƙarin rodi ne da aka sa daga waje. Amma rodi yana binne, kankare ya rungume shi ta kowane gefe, ga zane-zanen jikinsa da lanƙwasar bakinsa suna hana shi zamewa. Shi kuwa ƙyalle fuska ɗaya kaɗai yake da ita a jikin gini. Duk nauyin da zai ɗauka sai ya ratsa ta siririn gam, daga nan ya shiga fatar kankare ta waje. A gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashe da dama, idan aikin ya lalace, ba kasafai zaren ke tsinkewa ba, kuma idan an shafa gam yadda ya kamata, ba shi ke saki ba. Fatar kankaren ce ke ɓallewa, 'yan milimita kaɗan a bayan gam. Wato ƙarfin gyaran duka yana rataye ne a kan abu mafi rauni a cikin ginin, a kan irin wahalar da ya fi kasa jurewa.

Akwai wani abu kuma da ya saɓa wa tunanin yau da kullum. Mutum zai zaci idan aka ninka tsawon wurin da aka manna, ƙarfin riƙon ma zai ninku. Ba haka abin yake ba. Bincike, musamman lissafin da Chen da Teng suka wallafa a 2001, ya nuna cewa a kowane lokaci ɗan gajeren wuri ne ke ɗauke da jan, kimanin santimita 10 zuwa 20, wato bai fi taƙi guda ba, gwargwadon kaurin ƙyallen da ingancin kankaren. Idan wannan taƙin ya saki, aikin ya koma kan na gaba da shi, shi ma ya saki, haka har ƙarshe, kamar yadda ake ɗaye filastar ciwo daga fata. Sakin kan faro daga bakin ƙyalle, ko daga wata tsaga da ke tsakiyar bim ya tafi gefe. Wani lokaci ma yakan kwashe duk kankaren da ya rufe rodi ya faɗo da shi. Abin tsoron shi ne ba ya sallama. Rodi idan kaya ya yi masa yawa yakan miƙe a hankali, bim ya lotsa, tsaga ta buɗe, mutane su ga alama su fice. Ƙyalle kuwa farat ɗaya yake ɓallewa, sau da yawa tun bai yi amfani da rabin ƙarfinsa ba. Har ila yau, ƙara kauri ba magani ba ne, domin ƙyalle mai kauri ya fi saurin ɗayewa.

Wannan ne ya sa gyaran fuskar kankare ya zama rabin aikin. Ƙa'ida ta ce a ɓamɓare filasta da fenti gaba ɗaya, a gurje fatar kankare da inji har tsakuwa ta bayyana, a busa ƙura a fitar da ita sarai. Wurin ya zama busasshe, babu mai, babu gansakuka. Duk tudu ko rami a daidaita shi, domin ƙyallen da ya bi cikin kwari, da zarar ya ji ja zai nemi miƙewa ya tashi daga jiki. Tsagar da faɗinta ya wuce kashi uku cikin goma na milimita, a ɗura mata gam a cike ta tukuna. Kusurwar da ƙyalle zai zagaya kuma a kashe kaifinta, a mai da ita da'ira ta aƙalla milimita 13, in ba haka ba kusurwar za ta yanke zaren kamar wuƙa.

Kafin duk wannan akwai gwaji mai sauƙin fahimta. Ana manna wani ɗan faifan ƙarfe mai faɗin santimita biyar a jikin kankaren, a yanka kewayensa, idan gam ya kama a ja shi da na'ura har ya ɓalle. Ƙa'idar ACI ta ce kada kankaren ya saki kafin jan ya kai megafaskal 1.4. A kan wannan ɗan faifai, hakan ya kai kusan kilo 280, wato fiye da nauyin buhun siminti biyar rataye a wurin da bai kai tafin hannu ba. Kuma tilas ɓallewar ta zama a cikin naman kankare, a ga ɓarɓashinsa a bayan faifan. Ƙa'idar ta kuma ce kada a dogara da manni a kan kankaren da ƙarfin matsinsa bai kai megafaskal 17 ba.

Nan ne ya kamata mu gaya wa kanmu gaskiya. Mu da muke tsayawa a wuraren zuba dekin mun san yadda ake yi. Awon da aka saba faɗa shi ne siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, amma da tsadar siminti ta yi tsanani sai kwanon yashi ya riƙa ƙaruwa a ɓoye. Ana kwaso yashin rafi da lakarsa ba a wanke ba. Ana ƙara ruwa don kwaɓin ya yi wa lebura sauƙin ɗauka, alhali yawan ruwa shi ne babban mai kashe ƙarfin kankare. Bayan an zuba, maimakon a yi ta shayar da shi na aƙalla mako guda, sai a bar shi rana da iska su shanye shi a kwana biyu, musamman inda ruwa sai an saya a jarka. Fatar waje ce ta fi cutuwa da wannan, kuma ita ce ƙyallen zai dogara da ita. Ginin da ya fi buƙatar ceto a garuruwanmu, sau da yawa shi ne wanda wannan magani ba zai kama jikinsa ba. Haka nan idan tsatsa ce ke cin rodi a ciki, rufe ta da ƙyalle gyaran gangar Auzinawa ne. Tsatsa kumbura take yi, ta fi ƙarfen da ta cinye girma, za ta ci gaba da turo kankaren waje har ta yar da shi tare da ƙyallen. Sai an fasa, an kankare rodin, an toshe hanyar da ruwa ke shiga, an mayar da kankare mai kyau, sa'annan a yi maganar manni.

Tun da an gane manni kaɗai ba ya isa, masana suka ƙirƙiro hanyoyin turke ƙyallen. Uwa ba ta dogara da zanen goyo shi kaɗai, sai ta ƙara da majanyi. Hanya ta farko kamar majanyin take: a yanko wani ƙyallen a zagayo da shi ta ƙarƙashin bim ya hau gefensa biyu, ya danne bakin na farko. Ta biyu ita ce a huda rami a cikin kankare, a share shi sarai, a cusa damin zare jiƙe da gam, a baza sauran zaren da ya rage a waje kamar mafici a kan ƙyallen. Da haka jan ke wuce fata ya shiga can cikin nama. Ta uku ita ce a tsaga ɗan siririn kwari a jikin kankare da zarto, a cika shi da gam, a tura fallen kabon ciki. A nan kankare ya kama shi ta gefe fiye da ɗaya, ya kuma ɓoye shi daga rana da hannun masu ɓarna. Ta huɗu ita ce a danne baki da faifan ƙarfe da kusoshi masu noti, amma da sharaɗin kada kabon ya taɓa ƙarfe kai tsaye, domin haɗuwarsu a wuri mai laima na gaggauta tsatsa. Kowace daga cikin hanyoyin nan tana da lissafinta: zurfin rami, yawan zare, tazara tsakanin turke da turke. Ba abin da ake yi da ƙiyasin ido ba ne. A shagon yayana ko ɗaya ba a yi ba.

Adalci ne in ambaci inda fasahar ta fi sauƙin dacewa, wato ginshiƙi. Idan aka naɗe fila gaba ɗaya, bakin ƙyallen ya hau kan ɗan'uwansa, to ya riƙe kansa da kansa kamar ɗamarar ɗan kokawa. Duk sa'ad da kaya ya danne filar ta nemi kumbura, naɗin ya matse ta. A nan abin da ake buƙata shi ne ƙyallen ya kwanta luf a jiki babu rata, ba lallai fatar ta ɗauki ja ba. Ginshiƙi mai da'ira ya fi cin wannan moriya, mai kusurwa huɗu kuma sai an kashe kusurwoyinsa.

Sai batun yanayinmu, wanda ba irin na Suwizalan ba ne. Gam ɗin ifoksi yana da wani mataki na zafi da idan ya kai yakan fara laushi. Ga irin da ake shafawa a wurin aiki, matakin yana tsakanin digiri 60 zuwa 82, kuma ƙa'ida ta ce zafin da ginin zai riƙa fuskanta ya zama ƙasa da wannan mataki da digiri 15. Idan an sayo mai digiri 60, iyakarsa 45 ke nan. A Afrilu da Mayu iskar Katsina kanta kan haura 40, balle jikin kankaren da rana ta daka tun safe, balle kuma baƙin abu. Zafi kuma yana gajarta lokacin da gam ke yi a roba kafin ya fara daskarewa, sai ma'aikaci ya ga ya yi kauri ya tsinka shi da tina ko fetur, ya kashe shi bai sani ba. Da hunturu ƙura kan sake rufe wurin da aka gurje kafin a juya, da damina kuma laima ce a jikin kankare. Ga gam ɗin da ya yi watanni a kwantena a rana, ko wanda wa'adinsa ya wuce. Kada a raina batun irin gam. A ranar 10 ga Yulin 2006, a wata hanyar mota ta ƙarƙashin ƙasa a birnin Boston na Amurka, fale-falen kankare na rufi masu nauyin kusan tan 26 suka faɗo kan wata mota suka kashe mace guda. Bincike ya gano an kafe kusoshin da ke riƙe da su da wani ifoksi da ke saki sannu a hankali idan kaya ya daɗe rataye da shi. Ba ƙyallen kabon ba ne a can, amma darasin ɗaya ne: gam da gam ba ɗaya ba ne, kuma wanda ya riƙe yau ba lallai ya riƙe bayan shekara bakwai ba.

Gobara ma abin dubawa ce, musamman a ɗakunan da ɗalibai ke girki da gas da risho. Wuta ba ta buƙatar cin ƙyallen, zafinta kaɗai ya isa ya narkar da kamun. Saboda haka ƙa'ida ta gindaya wani sharaɗi da ya kamata kowane mai gida ya haddace: ko da ƙyallen ya ɓace gaba ɗaya, tilas tsohon ginin ya iya ɗaukar nauyin kansa da mafi yawan kayan da ke kansa ba tare da ya rushe ba. Ƙyallen ƙari ne ga mai sauran ƙarfi. Ba ya maye gurbin bangon da aka rushe ko filar da aka cire.

Dalilin da ya sa na ba wannan magana fili guda shi ne, na tabbata za mu ƙara ganin baƙin ƙyallen nan, kuma akwai inda muke buƙatarsa. Duk mai bin hanyar Katsina zuwa Dutsin-Ma ta Kurfi, ko hanyoyin ƙauyukan da ke ratsa rafuka, ya san yawan ƙananan gadoji da kwalbatocin da manoma da 'yan kasuwa suka dogara da su, waɗanda a yau manyan motocin yashi da na hatsi ke takawa. Madatsar ruwa ta Zobe an kammala ta tun 1983, kuma duk wani ginin kankare da aka yi a wancan zamani ya haura shekara arba'in. Ga makarantu, ga asibitoci, ga tankunan ruwa na sama. Ba mu da kuɗin rushe su duka mu sake, kuma rufe gada guda na wata uku na iya yanke gari daga kasuwarsa. Gyaran da ba ya buƙatar rushewa alheri ne. Amma irin aikin nan yana da kyan ɗan maciji a wurin kwangilar gwamnati. Idan an bi shi da fenti, mai kyau da maras kyau kamarsu ɗaya a hoton ƙaddamarwa. Ana iya rubuta falle uku a sa ɗaya, a rubuta turke hamsin a sa biyar, ba wanda zai gane sai ranar da abin ya saki. Tsagar da da ana ganinta ana jin tsoro, yanzu an rufe ta, an kwantar wa mutane hankali a kan ƙarya.

Don haka ga mai gida, ko shugaban makaranta, ko jami'in ayyuka na ƙaramar hukuma da aka kawo wa wannan tayi, akwai tambayoyin da ba sa buƙatar digiri. Wane injiniya mai rajista da hukumar COREN ne ya duba ginin, ya gano sanadin tsagar, ya sa hannu da hatimi a kan lissafin? An ciro curin kankare an kai ɗakin gwaji an matse, an kuma yi gwajin ja a gabanka? Ina zanen da ya nuna yawan falle da inda za a turke bakinsa? Ina takardar gam da ke nuna matakin zafinsa da ranar ƙarewar wa'adinsa, kuma shi da ƙyallen kamfani ɗaya ne ya haɗa su don su yi aiki tare? Idan ƙyallen ya saki gobe, ginin zai tsaya? Bayan an gama kuma, kafin a shafa fenti, a ɗauki 'yar guduma a bi shi ana ƙwanƙwasawa, yadda mai sayen tukunya ke yi a kasuwa. Inda ya yi ƙarar holoƙo, iska ce a ciki, ba kamu. Duk wanda ya ji haushin waɗannan tambayoyi, a sallame shi da girma da arziki.

Akwai kuma nauyin da ke kan hukumomi da masana. Muna da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa tun 2006, muna da cibiyar binciken gini da hanyoyi ta NBRRI tun 1978, muna da sassan injiniyancin gine-gine a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina. Alƙaluman da na kawo duka daga gwaje-gwajen wasu ƙasashe suka fito, a kan kankarensu da yanayinsu. Abin da zai fi mana amfani shi ne ɗalibanmu su zuba bim da yashin rafukanmu da tsakuwar duwatsunmu, da irin kwaɓin da magina ke yi a zahiri, su manna ƙyallen su bar shi ya sha bazara biyu da hunturu biyu a fili, sa'annan su ja su ga abin da ya rage. Jami'ar da zuwanta ya jawo wannan yawan gini a Dutsin-Ma tana da hujjar tambayar lafiyar ɗakunan da ɗalibanta ke kwana a ciki, ko da ba nata ba ne. Ba mu manta da ranar 12 ga Yulin 2024 ba, lokacin da benen makarantar Saint Academy ya rufta a Jos ana cikin karatu, mutum 22 suka rasu, mafi yawansu yara. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yayana dai daga baya ya nemo injiniya. Da ya zo ya duba, bai ko yi maganar ƙyalle ba. Abu na farko da ya ce shi ne a kwashe ɗaliban ɗakunan nan biyu a tokare bim ɗin a ranar. Na biyu, a sauke tankunan, domin tanki mai lita 2,000 tan biyu ne cur idan ya cika. Na uku, a tona tushe a tayar da fila a daidai inda aka rushe bango. Shagon ya ƙuntata, mai haya ya yi ƙorafi, an rage masa kuɗi. Na ce masa, "Yaya, asarar kuɗin ƙyallen fa?" Ya ce ya ɗauke ta kuɗin makaranta, tun da Allah Ya sa abin ya saki a gabansa ana kallo, ba da tsakar dare a kan 'ya'yan mutane ba. Dattijon nan na Kurfi shi aka ba aikin filar, kuma an ce sai da ya yi kwana goma yana shayar da ita safe da yamma kafin ya yarda a cire tokaran.

Allah Ya tsare mu da iyalanmu, Ya ba masu riƙe da amanar jama'a ikon sauke ta. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.